Sarkin Ruwan Tudu

Nijar ba ta da teku. Wannan yana cikin darussan farko da nake cusa wa yara a lakwal idan an zo labarin ƙasa, kuma na yi shekara da shekaru ina cusa shi, da alli, wani lokaci da tsumagiya. Daga Maraɗi zuwa inda ruwan gishiri yake, ko ta Legas ko ta Kwatano, sai mota ta ci fiye da kilomita 1,000. Mu a Sarkin Yamma babban ruwan da muka sani shi ne Gulbin Maraɗi, wanda kan zo da damina ya yi ɓarnarsa ya wuce, da rani yara su buga ƙwallo a cikin yashinsa. To a wannan gari, ni ɗin nan mai wannan darasi, na ɗaura aniyar tara lambobin yabo na mayaƙan jirgin ruwa. Ba wanda ya yi mini asiri. Da hankalina na shiga.

Mafarin abin wata babbar waya ce da ɗana ya aiko mini daga ci-rani, wai don mu riƙa ganin juna in muna magana. Ni kuwa sai na mai da ita ɗakin karatu, in kwanta bayan isha'i in yi ta latse-latse har uwargida ta ce hasken yana hana ta barci. A wannan yawo na ci karo da labarin wani mutumin Belfast, James Magennis, sojan ruwan Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu. A ƙarshen watan Yuli na 1945 su huɗu suka shiga wani ɗan mitsitsin jirgin ƙarƙashin ruwa, suka lallaɓa har ƙarƙashin wani ƙaton jirgin yaƙin Japan mai suna Takao da ke tsaye kusa da Singafo. Magennis ne mai nutso. Ƙofar da zai fita ta ƙi buɗewa duka don cikin babban jirgin ya tokare ta, haka ya matse jikinsa ya fice. Ya tarar da jikin jirgin duk ƙananan halittun teku masu ɓawo sun manne, nakiyoyin da ya zo da su masu maganaɗisu suka ƙi kamawa, sai da ya tsaya ya kankare wurin, ga abin numfashinsa yana yoyo. Da ya koma ciki a galabaice za su gudu, sai wani kaya da ke gefen jirginsu ya maƙale, ya sake fita ya kwance shi. Aka ba shi Victoria Cross, lambar da Sarauniya Biktoriya ta ƙirƙiro a 1856, wadda har yau waɗanda suka same ta ba su kai 1,400 ba. Bayan yaƙi talauci ya taɓa sa shi ya sayar da ita a kan kuɗi kaɗan, aka tausaya aka mayar masa. Da ya rasu a 1986 aka yi gwanjonta a Landan, wani attajiri mai suna Michael Ashcroft ya saya fam 29,000. Ita ce ta farko da ya saya, daga baya ya tara fiye da 200.

Mutumin kirki in ya karanta wannan, zuciyarsa za ta tsaya kan nutson nan da numfashin da ke yoyo. Tawa ta tsaya kan 29,000. Na tashi zaune, na jawo alƙalami da bayan takardar jarrabawar wani yaro, na juya kuɗin zuwa sefa. Sun haura miliyan 20. Na sake lissafi ko na ƙara sifiri. Ban ƙara ba. Ƙarfe guda da ɗan ƙyalle!

Akwai dai 'yar matsala, wato rashin tekun nan, amma mai kwaɗayi ba ya rasa hujja. Na tono labarin William Hall, baƙar fata ɗan Kanada, wanda iyayensa bayi ne da suka tsere daga Amurka, sojan jirgin yaƙin Ingila mai suna Shannon. Shi ne baƙar fata na farko da ya samu Victoria Cross, kuma a tudu ya same ta, a Laknau, can arewacin Indiya, cikin watan Nuwamba na 1857. An sauko da igwa daga jirgi aka ja ta har can, abokan aikinsa suka yi ta faɗuwa, shi da wani hafsa da ya ji rauni suka ci gaba da ɗurawa suna harbawa. Cewa wurin ibadar Musulmi suke rushewa, kuma Indiyawan da ke ciki neman fita daga hannun Turawa suke, wannan ban tsaya a kansa ba a lokacin, ina sauri. Na ƙara da Doris Miller, baƙar fata mai aikin kicin a jirgin yaƙin Amurka, wanda ranar 7 ga Disamba 1941, da Japan ta kai hari Pearl Harbor, ya kama bindigar harbo jirgin sama da ba a taɓa koya masa ba, aka ba shi lambar Navy Cross a 1942. Na ce da kaina, in wani ya ci lambar ruwa a tudu, mai wanke kwanuka ma ya ci, me zai hana Bakatsine ko Bagobiri? Faransa ta kwashi samarinmu a yaƙi biyu. Ingila ta kwashi 'yan'uwanmu na Katsina da Daura ta loda su a jirgi ta kai su Boma. Cikin dubban nan a rasa sojan ruwa ko ɗaya? Kuma wa ya san darajar abin a ƙauyukanmu? Wataƙila yanzu haka wata tsohuwa na ɗaure bakin buhun kuka da ƙyallen miliyan 20.

Da safe a teburin mai shayi na yi shela. Na ce duk wanda ya kawo mini ƙarfen soja mai hoton ƙugiyar jirgin ruwa zan saya. Suka ce mene ne ƙugiyar jirgin ruwa? Na tsuguna na zana a ƙasa da tsinke. Wani dattijo ya leƙo ya ce, "Mushe, ai wannan ƙugiyar ciro guga ce in ta faɗa rijiya. Akwai ta gidan kowa." Na yi masa dariyar mai ilmi. Na ce dala ashirin kowane ƙaramin ƙarfe, babba kuwa sai mun yi ciniki.

Ba a daɗe ba wani yaro ya zo ya miƙo mini abu a dunƙule. Maɓalli ne ruwan zinariya, ga ƙugiya a jikinsa ɓaro-ɓaro, har da igiya ta nannaɗe ta. Gabana ya faɗi. Na tambaye shi inda ya samu, ya ce a kayan kakansa. Na biya, na ƙara masa alewa. Kashegari sai ga yara biyu. Kafin mako ya zagayo, in na fito sallar asuba ina tarar da layi a ƙofar gida, kowa da kakansa. Na samo gwangwanin madara na shimfiɗa auduga a ciki, ina jera su, kowane da 'yar takarda mai sunan unguwa. A lissafina na lokacin, garinmu kaɗai ya ba Faransa matuƙan da za su cika jirgi guda, har na fara jin haushin littattafan tarihi da suka ɓoye mana wannan.

Abin ya tonu ranar da mai sayar da gwanjo ya yi sallama, fuska a murtuke, ɗauke da kwat guda uku a kafaɗa. Ya ce tun da na fara wannan sana'a ba ya iya juya baya a kasuwa, yara na bin kayansa da reza. Ya shimfiɗa mini su a tabarma, duk bakinsu a buɗe, sai guntayen zare. Ashe Turawa na ɗinka wa kwat irin wannan maɓalli don ado kawai, ko mai ita bai taɓa ganin kogi ba. Muna cikin haka uwargida ta shiga ɗaki ta fito da tawa kwat, wadda nake sawa da hunturu in zan je taron malamai. Ba maɓalli ko ɗaya. Autana ne ya cire ya ba abokinsa ya kawo mini, suka raba kuɗin.

"Malam," in ji ta, "da ka gaya mini, da ni na sayar maka, kuɗin cefane ya zauna a gida."

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni ma na kusa tsayawa, sai ga saƙo daga wata gwaggon uwargida, tsohuwa da ta doshi tamanin, wadda duk muke kira Inna. Ta ce a gaya wa mijin 'yarta ya daina sayen shara, ya zo ya ga na gaske. Mahaifinta tsohon sojan Faransa ne, ya rasu tun ina saurayi. Na tuna shi sama-sama, dogo, mai tafiya a miƙe, yara na sara masa in ya wuce.

Na je da la'asar. Bayan gaisuwa ta sa jikarta ta jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado. Ta ɗaga zannuwa, ta ɗaga wasu tsofaffin tasoshi, ta ciro wani ƙunshin tsumma. A ciki akwai jar dara da asu ya huhhuda, a cikin darar kuma minda biyu. Ta farko gicciye ce ta tagulla, takubba biyu sun ratsa ta, ƙyallenta ja da ratsin kore ya koɗe, da wani ɗan tauraro a maƙale. Ta biyu zagayayya ce ruwan azurfa, da kan wata mace a tsakiya, shuɗin fentin da ya kewaye ta ya ɓantare a gefe guda, ƙyallenta rawaya da kore a baki-baki. A samanta, inda ƙyallen ya kama, an tara hoton makamai, igwa biyu da sulke da gatari. Na kai ta bakin ƙofa wajen haske. A tsakiyar makaman nan, ga ƙugiya. Na duba cikin darar, ga wata ƙugiyar ta ƙarfe irin wadda ake maƙalawa a tufafin soja. Akwai kuma wani ɗan littafi da gara ta ci, na ture shi gefe da yatsa.

"Inna, Baba a jirgin ruwa ya yi aiki?"

"Ya dai shiga jirgin ruwa."

"To ai shi ke nan!"

"Mushe, ni ban ce shi ke nan ba."

Ban ji wannan ba, kunnena ya riga ya cika da ƙarar injin ƙirga kuɗi. Na yi gyaran murya na ce ko za ta sayar mini, jika biyar, don in adana wa tarihi. Ta dube ni daga hula har takalmi.

"Ubana zan sayar maka jika biyar? Ko akuyata ba ka taya haka ba."

Ta dai yarda in ɗauki hoto. Na fito ina cewa a raina, bari ta ji an ambaci miliyan, za ta sauko. Har na tsara rabon: rabi nata, rabi na wanda ya gano darajar abin, wanda adalci ne ko a gaban alƙali.

Daga nan bakina ya ƙi rufuwa. A aji na ajiye darasin lissafi na zana jirgin yaƙi a allo, da hayaƙi, na gaya wa yara cewa garin nan ya haifi gwarzon teku. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ba kai ka ce ba mu da teku ba?" Na ce ya fita ya share fili. Na yi wa uwargida alkawarin rufin kwano da injin niƙa. Mai shayi ya buɗe mini shafi, mai tsire ma haka, ni kuwa na fara cewa a ƙara ƙwai. Na zauna na rubuta wa wani dillalin tsofaffin lambobi a Faransa wasiƙa, da Faransancin da ban taɓa yin irinsa ba ko a jarrabawar zama malami, na haɗa da hotuna, na ja masa kunne cewa mu nan ba a cutarmu, mun san farashin Landan.

Ina jiran amsa sai wani tunani ya zo mini. Idan 'yan jarida suka zo, za su tambaye ni ko na taɓa shiga jirgi, kuma ban taɓa ba. Na ɗauki ɗan kabu-kabu muka nufi tafkin Madarunfa, wanda aka sani da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi. Na sa farar riga da hular da nake zuwa Idi da ita. Na sami wani yaro masunci ya yarda ya zaga da ni. Na ba ɗan kabu-kabu wayata na ce ya tsaya a gaɓa ya ɗauke ni hoto idan na ba shi alama.

Da muka ɗan matsa, na miƙe tsaye a goshin kwalekwalen, na dafa ƙugu da hannu ɗaya, ɗayan na kare ido da shi ina hangen nesa. Yaron ya ce, "Baba, zauna." Na ce ya yi aikinsa in yi nawa. Jirgin ya karkata hagu, na karkata dama, ya biyo ni, na koma hagu, ya riga ni. Abin da na sani kawai na ji ni cikin ruwa. Na yi salati, na yi kalmar shahada, na kira waliyyan nan da adadinsu, na shiga faɗin wasiyya da ƙarfi: a biya mai shayi, a biya mai tsire, a nema mini gafarar mai gwanjo. Ina ta bugun ruwa da hannu ina shan na sha. Can na ji muryar yaron a kusa da kunnena, a natse.

"Baba, miƙe tsaye."

Na miƙe. Ruwan iya cibiya. Hulata na can tana tafiya ita kaɗai. Matan da ke wanki a gaɓa wata har ta zauna a ƙasa don dariya. Ɗan kabu-kabu kuwa, Allah ya saka masa, bai ɗauki hoto ba, bidiyo ya ɗauka, kuma kafin ya miƙo mini wayar ya tura wa kansa. Kafin mu iso gida abin ya zaga WhatsApp ɗin garin har ya tsallaka Safo. Ina sauka a bakin kasuwa wani ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwan Tudu!" Sunan ya zauna daram. Har limami sai da ya kira ni da shi a wajen wani ɗaurin aure, ya ce baki ne ya suɓuce.

Duk da haka ban karaya ba, na ce in kuɗi suka zo masu dariya za su zo gaisuwa. Aka kwatanta mini wani tsohon ajidan a Maraɗi, wanda shi ma mahaifinsa ya yi sojan Faransa, aka ce ya san kan waɗannan abubuwa. Na same shi a ƙofar gidansa yana jin rediyo. Na zayyana masa bincikena tun daga Magennis, sannan na miƙa masa wayar. Ya sa tabarau, ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo. Ya cire tabaran.

"Mushe, kai ne ke koya wa 'ya'yanmu tarihi?"

Na ce ni ne.

"To Allah ya kyauta."

Ya shiga gida ya fito da hoton mahaifinsa, da jar dara, ga ƙugiya a jikin kayansa. Ya ce tsohon nan har ya mutu ko iyo bai iya ba. Sannan ya karanta mini karatun da ya kamata in yi kafin in buɗe shafi wajen mai tsire. Rundunar baƙaƙen sojan Faransa, Gwamna Faidherbe ne ya kafa ta a Senegal a 1857, shi ya sa ake kiransu duka 'yan Senegal, ko da mutum Bamoshe ne ko Bazabarme ko Bahaushe. Sojan da Faransa ke aikawa ƙasashen da ta mallaka, da can a ƙarƙashin ma'aikatar jiragen ruwa suke, don a jirgi ake kai su. A 1900 aka mai da su hannun ma'aikatar yaƙi, amma suka riƙe ƙugiyar a matsayin tambarinsu. Saboda haka duk kurtun da aka ɗauka daga nan har Zinder da Agadas, mai tafiya a ƙasa da bindiga a kafaɗa, da ƙugiya yake yawo. Minda mai rawayan ƙyalle kuwa, wadda aka ƙirƙiro a 1852 don ƙananan sojoji, kowace irinta ta zamanin yaƙin da wannan tarin makamai take, har da ƙugiyar, ko an ba wanda ya ƙare aikinsa a kan raƙumi. Gicciyen an fara ba da irinsa a 1915, kuma a yaƙin farko kaɗai yabon da ke jawo shi ya haura miliyan 2. Wannan mai jan ƙyalle na yaƙi na biyu ne. Ɗan tauraron tagulla yana nufin an ambaci sunan mutum da yabo a rundunarsa.

"Lambar girma ce ta gaske," in ji shi, "ba a ba rago. Amma duba bayanta, ka ga suna? Ingilishi a yaƙin farko suna buga sunan soja da lambarsa a gefen minda. Faransa ba ta yi. Wannan ƙarfen kowa na iya sayensa. Takarda ita ke faɗin mai shi da abin da ya yi. Ina takardarsa?"

Na tuna ɗan littafin da na ture da yatsa. Na ce tana nan, ina kan nazarinta.

Amsar dillalin ta iso a wannan makon, cikin ladabi irin na mutumin da ke danne dariya. Ya gode mini da wasiƙa mai daɗi, ya ce irin waɗannan suna da yawa a kasuwa, ya faɗi farashi. Na juya shi zuwa sefa, wannan karon ina fatan na rage sifiri. Duka biyun ba su kai kuɗin akuyar Inna ba. Ya ƙara da cewa in akwai takardun mai su, a adana su tare, kada a raba.

Na koma wajen Inna da goro da sukari, ba maganar ciniki. Na ce ina son ganin littafin. Ta ce, "Wanda ka ture?" Ashe ta gani.

Ɗan littafin soja ne, bangonsa ya yi laushi. Gara ta shiga ta gefen ƙasa ta yi hanyoyi. Ga sunansa yadda Bature ya ji shi, ga sunan uba, ga lambar soja, ga tambarin yatsa. Ƙaramin soja ne na ƙasa, ba igiya ko ɗaya. A wani shafi an rubuta ya sauka Faransa cikin watan Agusta na 1944. Wannan na san shi, don yana cikin littafin da nake koyarwa: ranar 15 ga Agusta 1944 sojan ƙawance suka sauka gaɓar kudancin Faransa, kuma mafi yawan rundunar Faransa da ta sauka daga Afirka aka kwaso ta. Kafin watan ya ƙare sun ƙwace Tulon da Marsai daga hannun Jamus. A tsakiyar littafin akwai wata takarda a ninke huɗu, ita ce ta yabon. Na buɗe a hankali. An rubuta soja ne mai ƙarfin hali da sanyin zuciya, wanda a ranar kaza ya... Daga nan sai rami. Daidai layin da ya faɗi abin da ya yi, gara ta cinye shi tas.

Na tambayi Inna ko ya taɓa gaya musu. Ta ce bai taɓa ba. Labarin harbi ba ya yinsa. Abin da yake yawan faɗi shi ne jirgin.

"Sarki aka ce ya kawo samari. Masu gata iyayensu suka tsallakar da su Jibiya, ƙasar Ingilishi. Baba maraya ne, ba mai ɓoye shi. Ya ce sun yi tafiya har suka iso ruwan da ba shi da ƙetare. Aka zuba su can ƙasan jirgi, inda ba taga. Kowa na amai, ba mai iya riƙe abinci. Da dare ba a kunna ko ashana, wai abokan gaba na da jirgi mai tafiya ta ƙarƙashin ruwa, in ya ga haske ya fasa su. Ya ce a fagen yaƙi ko ba komai akwai ƙasa, in an harbe ka ka faɗi a kanta a binne ka. A can kuwa ko alƙibla ba su sani ba."

Ta ce da sanyi ya shigo aka karɓe kakinsu da bindigoginsu aka ba samarin Turawa, aka ce su baƙaƙe ba su jure hunturu. Wannan ma haka yake a tarihi, a ƙarshen 1944 aka janye su daga fagen daga, ana dab da cin nasara. A ranar 1 ga Disamba na shekarar, a barikin Caroy kusa da Dakar, sojan Faransa suka buɗe wuta kan wasu baƙaƙen sojoji da suka dawo daga zaman fursuna suna neman haƙƙinsu. Shi Baba ya dawo da ransa. Yakan sa mindar nan biyu in zai je Maraɗi karɓar fansho, fanshon da Faransa ta daskarar da dokar 1959, tsohon sojan Bature na karɓar ninkin-ba-ninkin nasu, ba a gyara ba sai tsakanin 2006 da 2011, lokacin mafi yawansu suna kabari.

"Kuma tun da ya dawo," in ji Inna, "bai ƙara shiga ruwan da ya wuce idon sawu ba. In Gulbi ya kawo, sai ya zauna wannan gaɓa ya jira ya janye, ko da biki ake a ƙetare. Ya ce shi ya biya ruwa bashinsa." Ta ɗan yi shiru, ta gyara ɗaurin kallabi. "Na ga naka a wayar jikata. Kai ma ka biya."

Da na koma gida na sake latsa wayar, wannan karon ina neman abin da ya kamata in nema tun farko. Rabonmu a yaƙin teku yana nan, amma a ƙasan jirgi yake. Ranar 8 ga Yuni 1917 jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya fasa wani jirgi mai suna Sequana kusa da gaɓar Faransa, sojan Afirka ta Yamma 198 suka nutse kafin su ga fagen yaƙin da aka kwaso su dominsa. A watan Janairu na 1920 wani jirgin mai suna Afrique ya tashi daga Bordo zai je Dakar, guguwa ta nutsar da shi da mutum 568, cikinsu akwai mafi yawan sojan Afirka kusan 190 da suka gama yaƙi suna komawa gida. Waɗannan ba su da minda da wani attajiri zai taya a Landan. Ni kuma da nake da ɗaya daga cikin irinsu a cikin surukaina, sai da na yi masa ƙaryar aikin da bai yi ba kafin in ga ya isa a zana shi a allo. Na koma aji na goge jirgin. Yaron da na kora shara na ba shi alli ya rubuta mana kwanan watan saukar 1944, ya rubuta daidai, ya kuma tambaye ni ko yanzu muna da teku. Na ce ya zauna.

Littafin na kai shi Maraɗi an yi masa hoto shafi-shafi, na sa asalin a leda mai kauri, Inna ta mayar cikin darar. Ajidan ya ce akwai ma'ajiyar takardun sojan Faransa a garin Pau, inda ake ajiye bayanan waɗanda aka ɗauka daga ƙasashenmu, kuma iyali na iya rubutawa da suna da lambar soja su nemi kwafi. Mun rubuta, da Faransanci mai sauƙi wannan karon, ko Allah ya sa layin da gara ta ci yana can. Duk wanda ke da irin wannan littafi a adakar gidansu, daga nan har Tasawa da Katsina, ya ciro shi yau ya duba, don gara ba ta jira.

Mai shayi na biya shi, mai tsire saura kaɗan, rufin kwano kuwa uwargida takan tambaya duk ranar da hadari ya haɗu. Maɓallai suna nan cike da gwangwani, mai gwanjo ya ce ba ya so, ya riga ya karyar da kayan. Duk mai kwat da ta rasa maɓalli ya zo ya zaɓa, kyauta ne. Amma wanda ya yi sallama da Sarkin Ruwan Tudu, dala ashirin zai biya.